Motar Ruwan Azagor

Dakoro, ranar Asabar

Zuwa ga Yaya Attaher,

Gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya, kai da Fadimata da yara. Yaya kunnen? Saboda shi na ga gara in rubuto, a waya sai in yi ta ihu ba ka ji.

Yaya, na gaji. Kwana shida ke nan babbar motar ruwan ƙungiyar makiyaya tana garajina. Ita ke kai wa dabbobi ruwa can bayan Azagor tun da rijiyarsu ta rufta. Buwat ɗinta, wato akwatin giyarta, otomatik ce, ba irin wadda ka koya mini ba. In za ta shiga bitas na uku, giya ta uku ke nan, sai ta yi wata fizga kamar an dake ta daga baya. Mainassara direba har leɓe ya fasa a kan sitiyari, ya ce ba zai ƙara ɗaukar ta da ruwa cike cikin yashi ba.

Na zubar da man buwat, ya yi baƙi yana warin ƙuna. Na zuba sabo, na canza filtir mai tace man. Ta yi lafiya har ta ɗauki zafi, sai fizgar ta dawo. Kullum dattawan makiyaya suna zuwa su tsuguna bakin garaji. Sai su zuba wa motar ido, wannan ya fi damuna.

In akwai mai na'urar bincike a Maraɗi, ka turo mini shi.

Ƙanenka,
Kalla

Dakoro, ranar Juma'a

Yaya Attaher,

Bayan gaisuwa da tambayar lafiyar gida, saƙonka ya iso. Na gode, ko da yake mai na'urar ya ce sai wata mai zuwa.

Na bi shawararka, na bar cikin buwat na koma bin wayoyi ɗaya bayan ɗaya, ina kwance ƙarƙashinta bayana na ciwo. Jiya da hantsi na samu. Wata 'yar waya ce mai gaya wa buwat saurin mota, ta gogu da ƙarfe har ta kusa tsinkewa. Minti goma na yi na haɗa ta. Muka cika ruwa muka bi hanya, tana shiga bitas sumul, ko kofin shayi ba zai zube ba.

Da muka isa da la'asar, ba kowa a mashayar. Makiyayan sun gaji da jira, sun tashi da dabbobinsu tun Talata.

Yau na gan su a kasuwar dabbobi. Tsoho Amiru, wanda ya fi kowa zama bakin garajina, yana sayar da shanunsa ramammu a kan abin da aka ba shi. Na so in kauce, ya riga ya hango ni. Ya kama hannuna ya yi mini sannu da aiki, ya tambaye ni ya ciwon bayan nawa.

Gobe za mu kai ruwa wa 'yan gidajen da suka rage. Ka gaida Fadimata.

Ƙanenka,
Kalla