Irin Geron Malam a Takarda

Litinin, 16 ga Yuni, 2025

Ɗiyata Zulaihat ta sake ɓata min kullun rogo. Wai manne take yi. Malama Nadiya ce ta koya musu a makaranta kafin su gama: ki sami babban littafi, kowace sana'a ki ba ta shafi ɗaya, ki manna kayanta, ki shafa launi, sai ki ga wadda zuciyarki ta zauna a kai. Zuciya! Lokacin da nake sakandare a Zurmi, uwa ce ke faɗa, ɗiya ta ce to. Na riga na faɗa: aikin jinya. Shi aka cike mata a takardar neman shiga jami'a, kuma makinta ya kai.

Alhamis, 19 ga Yuni

A tsakar gida take shimfiɗa littafin, ba ta ɓoyewa, kamar mai shanyar kuka. Shafin ɗinki duk ƙyallayen da ta tsinto wurin tela. Shafin koyarwa, garin alli da shuɗi. Shafin jinya kuwa, filasta ɗaya da 'yar auduga, sauran fari fat. Na ce mi ya hana ki cika wannan? Ta ce, "Inna, hannuna ne ba ya zuwa." Hannun da ke zuwa kwanon tuwo ba a kira shi ba.

Asabar, 21 ga Yuni

Na je ɗauko tsintsiya a ɗakin ajiya, na tarar an ɓalle bakin gorar Malam, mijina marigayi.

Irin geronsa ne a ciki, gauraye da toka, yadda mahaifinsa ya koya masa don kada ƙwaro ya ci. Da hannunsa ya liƙe bakin da laka, damina uku ke nan, kafin 'yan bindiga su tare shi a hanyar gona a Kurya Madaro. Da muka gudo Kaura ban ɗauko tukunya ba, gorar na goya a baya kamar jariri. Iri ba abin wasa ba ne. Ba a cinsa ko da yunwa, ba a buɗe shi sai ranar shuka, kuma mai gona ke buɗewa. Yaron goye ya san wannan a ƙauyenmu.

Ga shi nan a littafinta, layi-layi kamar kunyoyin gona, a kan jar ƙasa da ta kwaɓa da kullu. Shafi biyu cike, har da lalle ta yi gefen gonar. Na ce, "Mi kinka yi, Zulaihat?" Ta ce ɗan kaɗan ta ɗiba. Ta ce noma take son karantawa, a canza mata kwas kafin a rufe rajista.

Noma. Abin da ya cinye ubanta.

Na mare ta, ban yi nadama ba. Littafin kuma na wurga shi bayan ɗaki, wajen garu.

Lahadi, 22 ga Yuni

An yi ruwa sosai. Ba ta je ɗaukowa ba, don na hana.

Talata, 24 ga Yuni

Yaya Dalhatu ya zo daga Shinkafi. Na kai masa ƙara, ina jiran ya tsawata mata. Ya sha furarsa ya share baki, ya ce, "Fatimatu, ai ke ma da taurin kai anka haife ki. Ina laifin ɗiyak ki?" Ya ce masu karatun noma ba duka ke riƙe fartanya ba, wasu iri suke gyarawa. Na ce su gyara, a binne su a gefen irin. Ban so na faɗi haka ba, amma gaskiya ce. Ma'aikaciyar jinya tana cikin gini, da ƙofa, da mai gadi. Mi ke da wuyar ganewa a nan?

Ita kuma ta daina kallona in tana gaisuwa. Tarbiyyar zamani.

Juma'a, 27 ga Yuni

Na zagaya bayan ɗaki zubar da toka. Littafin ya kumbura, ya buɗe, launukan duk sun zube cikin juna. Shafin gonar ya tsiro. Kore shar, siri-siri, a kan layin da ta jera su, ba wanda ya kauce. Na daɗe a tsugune. Ni da na ɗauka irin nan ya mutu tuntuni, ajiye shi kawai nake yi. Malam yakan ce in toka ta yi kyau, iri ya fi mai shi haƙuri.

Kajin Asibi maƙwabciyata na ta kewaya wurin. Na kifa tsohon kwando a kai. Don kada abinci ya wulaƙanta ne, ba don komai ba.

Talata, 1 ga Yuli

Ta tafi shagon kwamfuta tare da kawunta. Ta durƙusa a bakin ƙofa ta ce, "Inna, za mu tahi." Na ci gaba da tsintar wake. Ta jira, ta jira. Ban ce je ki ba, ban ce kada ki je ba. Allah ya gani.

Sun dawo, an canza kwas ɗin. Ban ci tuwon dare ba.

Asabar, 5 ga Yuli

Asibi ta leƙo ta kan garu, bakinta har kunne. "Maman Zulai, ashe likitar tamu ta koma manomiya? A saya mata kalmen noma ke nan!" Ban san lokacin da na miƙe ba. Na ce, "Tuwon da kika ci jiya, a asibiti anka shuka shi? Ɗiyata jami'a za ta, ta karanci abin da ubanta ya sani da ka. Ke ki fara ɗaure kajinki." Ta sauka ba sallama.

Zulaihat na bakin murhu, ta ji komai. Ta sunkuyar da kai tana hura wutar da ta riga ta kama. Na ce ta rage gishiri a miyar.

Ban ce na yarda ba. Asibi ce dai ba ta isa ba.