Ƙofar Banɗakin Nan

Yaya,

Na yi ta kiran wayarka, ba ta shiga. Mun tafi asibiti da Baba.

Ɗazu da safe santsi ya kwashe shi a banɗaki, ya faɗi tsakanin durom ɗin ruwa da ƙofa. Ka san ciki take buɗewa. Ina turawa tana dukan ƙafarsa, yana nishi yana cewa in bari. Sai da maƙwabcinmu kafinta ya zo ya cire ta gaba ɗaya. Yana magana, amma ƙugunsa ba ya taɓuwa.

Wurin nan ko juyawa da ƙyar ake yi, mu kuma mun cika shi da tarkace. Na fitar da durom ɗin waje, na zuba soso da sabulu a kwando na rataye a ƙusa. Bokiti ɗaya na bari. Don Allah kar ka mayar da komai ciki.

Kafintan zai dawo da yamma. Ka tsaya a kansa, ya juya ƙofar ta riƙa buɗewa waje.

A mota Baba zai sake roƙona, na sani. Tun a gida ya ce, "Kar yayanki ya ji yadda kika same ni." In ka iso, ka yi masa sannu kawai, kar ka tambaye shi komai.

Ƙanwarka