Tsagar Iya Falmata

Talata, bayan isha'i

Yau Kawu Bukar ya zo ganin zanen kakata Iya Falmata da nake yi da fentin mai. Ya tsaya a zaure ya ƙura masa ido, can sai ya ce, "Habu, ka tsufar da ita. Shafe tsagar fuskar nan, ka ɗan haska fatar, yadda masu hoto suke yi. A falona zan rataye shi, baƙi za su gani."

Wai baƙi! Sati shida ina kan fuskar nan. Shafi huɗu na yi wa kumatun kaɗai, kowanne sai ya bushe nake ɗora wani. Sai da na haɗa ruwan ƙasa da ɗigon shuɗi kafin na samu inuwar da ke kwanciya cikin kowace tsaga idan hasken hantsi ya shigo ta taga.

Na ce, "Kawu, abin da idona ya gani nake zanawa." Ya ce ba ni da kunya. Wataƙila.

Bayan la'asar na kai mata zanen ɗakinta. Ta daɗe tana kallo, tana shafa kuncinta. Sai ta ce, "Kai yaro, ka ci mini ɗaya. Guda tara ne, ba takwas ba. Ga ta nan kusa da kunne. Da su muka zo daga Borno."

Gobe da safe zan ƙara ta taran. Kawu ya je ya nemi mai hoto.