An Kwashe Ƙasar Kabarinki

Zuwa ga Inna,

Assalamu alaikum. Gaisuwa mai yawa da girmamawa daga ɗanki Isufu, a nan Tahoua. Ina fatan kina cikin rahamar Ubangiji.

Inna, raina a ɓace yake. Da aka ba mu hutun karatu a lakkwal na hau kamyo zuwa ƙauyen nan na bayan Tébaram, inda hubbaren Malam yake, inda kika sa muka rufe ki. Kin sha cewa, "In na cika, ku kwantar da ni kusa da Malam, in ci albarkacin maƙwabtaka." Mun yi miki biyayya.

To, ga maƙwabtakar! Kin san masu ziyara kowa sai ya ɗebi ƙasar hubbare ya ƙulle a leda don neman tabarruki. Yanzu an shafe na Malam da siminti, sai suka juyo kan na kusa da shi. Naki ne na kusa. Wajen kanki ya zama rami, hannuna ya shige har gwiwa. Wallahi na ga itacen da muka jera.

A gabana wata hajiya ta durƙusa tana kankarar ƙasar da murfin kwano. Na daka mata tsawa, ta dube ni kamar ni ne mahaukacin. Tsohon da ke tsaron wurin ya ce in yi haƙuri, ai duk ƙasar Malam ce. Haba! Uwata ce a ciki, ba gishirin miya ba.

Ke ma ina fushi da ke, Inna. Ga maƙabartar Barmou kusa da Baba, kika ƙi.

Na yini ina jido ƙasa da buhu, na cike ramin, na danne da duwatsu da ƙaya. Ban sani ba ko za su kai baɗi.

A hanyar dawowa na tuna ƙullin ƙasar nan da kike ajiyewa cikin kwalla. Duk sanda zazzaɓi ya kama ni, sai ki jiƙa kaɗan ki ɗura mini, kina shafa kaina har in yi barci. Daga wajen hubbaren kika ɗebo shi. Ni kuma ta uwar wa na sha?

Allah ya yafe miki, ya yafe wa mai murfin kwano, ya haskaka makwancinki. Bayan damina zan dawo da buhuna.

Ɗanki,
Isufu