Takardar da Arzugul Ta Rubuta Min

Talata, 3 ga Oktoba, 2017
Kwana goma sha tara ke nan da hukuma ta tafi da mijina Mirzat. Wai "makaranta". Dattijo ɗan shekara sittin da ɗaya, wanda layi biyu na jarida ke sa shi gyangyaɗi. Laifinsa kwana goma sha biyun da ya yi a Istanbul bara wajen 'yarmu Zulpiye. Ni ce ma na tura shi, na ce ya gano min ko yarinyar nan tana cin abinci.

Littafin nan cikin buhun gari nake ɓoye shi.

Alhamis, 5 ga Oktoba
Shara sau uku. Amyoyin zumarsa suna bayan gida, ban san abin da ake musu kafin sanyi ba.

Litinin, 9 ga Oktoba
An kira ni ofishin unguwa. Wa zan tarar? Arzugul, wadda na yi shekara huɗu ina koya wa lissafi bai shiga ba. Har da miƙewa ta ba ni kujera.

"Abin mai sauƙi ne, Malama. Zulpiye ta dawo ta sa hannu a takarda, Kawu Mirzat ya koma gida."

Na ce ɗan maƙwabciyata Helime ma sa hannu ya dawo yi daga Masar, tun filin jirgi ba a sake ganinsa ba. Ta saci kallon na'urar ɗaukar hoton da ke saman ƙofa. "Ki rufa mana asiri, Malama."

Laraba, 11 ga Oktoba
Kira na farko zuwa ga Zulpiye, a ofishin Arzugul, da takardar da ta rubuta min. Na karanta kamar mai kiran sunayen 'yan aji. Muna lafiya, gari ya ci gaba, ki dawo.

"Apa, ina Dada?" Haka take kiranmu, ni da ubanta.
"Yana karatu."

Ta daɗe tana kallona ta fuskar wayar. "Ina da jarrabawa, Apa."

Ta gane. 'Yata ce ai. Don murna gurasa biyu na saya a hanya, sai da na iso gida na tuna ni kaɗai ce.

Asabar, 21 ga Oktoba
Na warware rigar sanyin da nake saƙa masa, na sake farawa. Ba abin da ya same ta.

Jumma'a, 27 ga Oktoba
Kira na uku. Arzugul ta ce, "Malama, da mu muka yi miki irin karatun nan a aji da kin kore mu. Na sama fa suna saurare."

Laraba, 8 ga Nuwamba
Sun nuna min shi ta allo, minti uku. An aske masa gashin baki. Shekara talatin da huɗu da aure ban taɓa ganin leɓensa na sama ba. Haƙora biyu babu. Yana ta gode wa gwamnati. Bai ambaci Zulpiye ba ko sau ɗaya, kuma na san da gangan ne.

Ya ce, "Kin rufe amyoyin?" Na ce eh. Ƙarya.

Alhamis, 9 ga Nuwamba
Haushin Zulpiye nake ji. Tana can tana shan shayi a bakin teku. Astagfirullah. Me ta yi? Karatu ta je.

Litinin, 13 ga Nuwamba
Kira na huɗu. Takardar na hannuna, ban dube ta ba. Ban riƙe duk abin da na faɗa ba. Na dai tuna na ce ubanki ba zai ga ƙarshen sanyin nan ba.

"Apa... da gaske kike?"

Arzugul ta juya tana kallon taga, ta daɗe a haka. Da na ɗan girgiza wa Zulpiye kai, Arzugul ba za ta gani ba. Ban girgiza ba.

"To zan duba tikiti," in ji Zulpiye.

Arzugul ta raka ni bakin ƙofa. "Yau kin yi ƙoƙari, Malama." Ba ta yarda mun haɗa ido ba.

Talata, 14 ga Nuwamba
Na fitar da katifar ɗakin Zulpiye na kaɗe. Ƙura ce kawai ta yi yawa. Ba za ta zo ba, tana da hankali.

Na shimfiɗa zanin gadon nan mai furanni, wanda take so.