Rabin Ƙwaya

Maga, cikin watan Agusta

Zuwa ga Adda Hassana,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya, ke da Yaya Mahmudu da yara. Ya aikin asibiti? Maganin da kika ba Blaise direba ya iso, Allah ya saka da alheri. Na ba shi bandar kifi ya kawo miki, ni na yi ta da hannuna.

Adda, takarda na rubuto saboda waya ɗaya gare mu, kullum tana aljihun maigida, maganar kuwa ba ta gabansa ba ce.

Kin san tun da Dokta Solange ta ɗora ni a kan valproate, farfaɗiyar nan ba ta sake kayar da ni ba. Har na manta yadda ake farkawa da cizon harshe. Amma ban manta abin da ta gaya mini kafin bikina ba, cewa maganin yana iya yi wa ɗan da ke ciki illa, kada in ɗauki ciki ina shan sa. Na ce to. Tun lokacin nake karɓar allurar tazarar haihuwa.

Watan jiya maƙwabciyata Léontine za ta tafi dashen shinkafa, ta rasa mai riƙe mata jaririya, sai ta miƙo mini ita. Ko ɗar ba ta yi ba, alhali ta san ciwona. Na goya yarinyar nan tun hantsi har la'asar. Da uwarta ta dawo na kwance zanin, sai na ji bayana ya yi sanyi. Na shiga ɗaki na yi ta kuka.

Tun ranar nake raba ƙwayar biyu da wuƙa, ina shan rabi. Ban ji komai ba sai ɗan fizgar hannu da safe. Nufina in rage a hankali har in daina, allurar wata mai zuwa ma ba zan je ba. Na gaya miki ne don ke ce uwata tun da Inna ta rasu. Don Allah kada maigida ya ji.

Ƙanwarki,
Mardiya

Garwa, ranar Laraba

Mardiya, autarmu,

Wa alaikumus salam. Muna lafiya, kifi ya iso, yara sun gama da shi a ranar. Gaisuwa ta isa haka, ki saurare ni.

Ina tsaye a tasha na karanta takardarki, sai da na nemi benci na zauna. Na yi ta kiran wayar mijinki Faruƙ ba ta shiga, an ce ruwa ya lalata layin wajenku. Daga nan ofishin Dokta Solange na wuce. Ga abin da ta ce, ba ni na ce ba.

Ki koma shan maganin yadda likita ta rubuta a ordonans ɗinki, takardar maganin, daga ranar da takardar nan ta same ki. Kada ki ƙara a kai wai kina rama na baya. Kada ki sake sa masa wuƙa, irin ƙwayar da kike sha rufi gare ta, ba a fasa ta. Fizgar hannun da kike rainawa ciwon ne yake gaya miki ya matso. Mai rage maganin nan da kansa yana iya faɗuwar da ba ta tsayawa sai an kai shi asibiti, na ga irinta da idona a ɗakin da nake aiki. Allura kuma ki je ki karɓa. Rabin ƙwaya ba ya kare jariri daga illa, ke ma ba ya kare ki. Ki bar wutar banda, ki bar wanki a bakin kanal ɗin da ke kai ruwa gonaki, har sai kin zo.

Yanzu kuma ni ce Addarki nake magana. Me ya sa kika yi kukan nan ke kaɗai? Kin ɗauka likita cewa ta yi ba za ki taɓa haihuwa ba? Cewa ta yi ba a kan wannan maganin ba. Akwai wani da ake iya sauya miki, amma a gaban likita ake yi, sannu a hankali. Ki taho Garwa, ɗakinki yana nan.

Zancen ɓoye wa Faruƙ kuwa, ki yi haƙuri, ban karɓa ba. Shi ne yake kusa da ke in wani abu ya faru. Ki gaya masa da bakinki, in ba haka ba ni zan gaya masa.

Mai ƙaunarki,
Hassana

Maga, farkon Satumba

Zuwa ga Adda Hassana,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan dubun gaisuwa da girmamawa, ina fatan wannan takarda ta same ku cikin ƙoshin lafiya. Ni ne Umar Faruƙ.

Da farko ki kwantar da hankalinki, Mardiya tana raye, tana ci tana sha. Takardarki ba ta iso da wuri ba, ruwa ya yanke hanyar Marwa, motar Blaise ta daɗe a tsallake. Kafin ta iso, abin da kika ji tsoro ya faru. Ranar Lahadi da safe tana juya kifi a kan banda ciwon ya tashi, ta faɗi hannunta na hagu a kan garwashi. Léontine ce ta janye ta. Ina gona aka kira ni. Na tarar mata sun kewaye ta, wata tana neman cusa mata cokali a baki. Na hana, na kwantar da ita a gefenta kamar yadda kika koya mini kafin aure. Allah ya taimaka bai daɗe ba ya sake ta. An wanke ƙunar a asibitin nan, an naɗe, an kuma mayar da ita kan maganinta.

Ita da kanta ta miƙo mini takardarki, ta juya fuska bango ina karantawa.

Adda, ni ban taɓa yi mata zancen haihuwa ba. Ko a gidan suna na ga jariri, kau da kai nake yi don kada ta ga ina kallo. Ashe ita tana ganin kau da kan, tana fassara shi da wani abu. Ina roƙonki ki gaya mata, don ni in na fara muryata ba ta kai ni ƙarshe: ban rasa komai ba a gidana. In don ni take yi, na yafe. A bar ta a kan maganin da ya riƙe ta.

Da hanya ta buɗe zan kawo ta. A gaida Yaya Mahmudu.

Naku cikin ladabi,
Umar Faruƙ

Garwa, watan Oktoba

Zuwa ga maigidana,

Sallama da gaisuwa. Ina fatan ka koma lafiya. Ya girbi, ya tsuntsaye? Hannu yana warkewa, sai ƙaiƙayi. Adda ba ta barina ko ruwan shayi in ɗora.

Ta isar mini da saƙonka, na kuma karanta takardar da kaina, har na kusa haddace ta. Na gode. Amma akwai gyara a ciki. Ba don kai na yi ba. Ni nake so. Na yi wauta a yadda na bi, wannan na yarda, tabon yana hannuna. Son kuwa ba wauta ba ne, kuma ba zan iya yafe shi yadda ka yafe ba.

Haka na gaya wa Dokta Solange. Na zaci faɗa za ta yi. Sai ta ja kujerarta kusa da ni ta ce, “Mardiya, da kin zo kin faɗi wannan tun farko, da hannunki bai ƙone ba. To, mu fara.”

Sabon maganin sunansa lamotrigine. Ɗan mitsitsi ta fara ba ni, har na ce, “Dokta, wannan me zai yi?” Ta ce, “Yanzu ba zai yi komai ba, tsohon ne yake riƙe da ke. Jikinki muke so ya saba. In aka yi masa gaggawa, musamman ga mai shan valproate, yana iya fito da ƙuraje masu haɗari.” Don haka za ta riƙa ƙara shi kaɗan-kaɗan, sai ya kai inda take so sannan ta fara janye tsohon. In na ga ƙurji, ko zazzaɓi, ko gyambon baki, in zo a ranar, kada in jira randebu, wato ranar da ta sa mini. Adda ta mayar da abin aiki, kowace safiya sai ta duba mini baya da wuya kamar mai sayen akuya. Akwai kuma wata ƙaramar ƙwaya, folik asid, ita ma kullum. Allura tana nan har sai likita ta ce a daina.

Na tambaye ta ko tabbas ne. Ta ce, “A'a. Akwai waɗanda tsohon ne kaɗai yake riƙe su. In sabon bai riƙe ki ba, za mu zauna da ke da mijinki mu sake magana. Ba zan yi miki ƙarya ba.”

Watanni zai ɗauka. Ba zan ci gaba ba sai da yardarka, amma ina roƙonka ka yarda.

Matarka,
Mardiya

Maga, ranar Juma'a

Mardiya,

Wa alaikumus salam. Girbi ya yi kyau, alhamdu lillahi. Tsuntsaye sun ɗauki rabonsu.

Na karanta gyaranki, na karɓa. Ban san son ya kai haka ba. Tunda kin faɗi naki, bari in faɗi nawa: ni ma ina so. Tsoro ne ya fi son yawa, har yanzu kuma bai tafi ba.

Na yarda. Sharaɗina ɗaya ne, duk abin da kika ji a jikinki, ko fizgar yatsa ce, ni da likita mu ji a ranar. Ki zauna wurin Adda har a gama, kada ki damu da ni. Na koyi dafa shinkafa. Léontine ta ɗanɗana ta ce gara in riƙa karɓar tuwo a gidansu.

Zan zo randebu na gaba, ina da tambayoyi ga likita. Ki gaida Adda da mutanen gida.

Mijinki,
Umar Faruƙ

Maga, Disambar shekarar da ta biyo

Adda Hassana,

Assalamu alaikum. Muna lafiya, ina fatan kuna lafiya. Sabon maganin yana riƙe da ni, tun da aka janye tsohon ko fizga ban ji ba.

Muna tafe ranar Litinin ni da maigida. Ki gaya wa Dokta Solange ta gan ni kafin ranar da ta sa mini. Lokacin da ta ce in daina allura ta yi mini kashedi, wai akwai halin da in mace ta shiga, maganin yakan ragu a jininta, sai an duba ko za a ƙara. Ta ce in na ga alamar ɓatan wata kada in taɓa yadda nake shan ƙwaya, kada kuma in jira.

Ban taɓa ba, ban jira ba. In na iso don Allah kada ki tambaye ni komai a gaban Yaya Mahmudu. Kin san ba zan iya faɗa ba.

Ƙanwarki,
Mardiya