Goliyat Mai Gyaran Keke

Ƙauran Namoda,
Fabrairu, 2000.

Maman Ishaya,

Gaisuwa mai yawa cikin sunan Yesu Almasihu. Yaya jikin Mama? Ina fata ƙafar ta fara taka ƙasa. Ki gaida mutanen Zuru, har da waɗanda suka ce kada ki aure ni. Mu nan lafiya, ban da tuwona, wanda Ishaya da Liyatu ke ci don tsoron Allah kawai.

Kin ce in aiko miki da yaran saboda wannan batu na Shari'a. Ki dakata tukuna, babu wanda ya taɓa mu. Malama Hannatu dai ba ta tsaya gani ba, ta kwashe kayanta ta koma garinsu, ajin yara na ranar Lahadi ya rasa malami. Fasto ya duba ikilisiya sama da ƙasa, ya naɗa ni. Ni ɗin da kika sani, wanda firamare ta gaji da shi kafin ya gama ta.

Lahadin farko na tsaya ina haɗa baƙi kamar mai hawan tudu da keke mara iska. Da na ɗaga kai, rabin yaran sun yi barci. Sai na rufe littafi, na yafa tsohon bargo na zama kifin Yunana, na haɗiye Liyatu, na je na amayar da ita gindin dalbejiya. Yanzu tun safe suke cika harabar coci, har 'ya'yan maƙwabta na kutsowa ta ɓular zana. Ban kori kowa ba.

Abu guda ke damuna. Malam Sirajo mai awon gero ya tsiri zama kan dakalin da ke fuskantar majami'a duk Lahadi. Ba ya saye, ba ya sayarwa. Na gaishe shi ya amsa, amma idonsa na kan yaran.

Naki, sabon malami,
Bawa Na'Allah

Maris, 2000.

Maman Ishaya,

Bayan gaisuwa da tambayar jikin Mama, na yi wata ɓarna.

Tun da labarin rikicin Kaduna ya iso, kowa na gaida kowa fiye da kima. A irin wannan lokaci ne mijinki mai basira ya zaɓi darasin Dawuda da Goliyat. Na sa yara suka saƙa majajjawa irin ta korar tsuntsu a gonar gero, muka ƙulla tsumma a madadin dutse. Na kifa kwanon miyarki a ka, na riƙe murfin tukunya, na tsaya ina cika baki, su kuma suka yi layi suna jifa. Ɗanki ya sa ƙwallon goriba cikin tasa. Ƙulun na nan a goshina, hula ba ta zama.

Kafin tsakiyar mako maganar ta zaga kasuwa, wai Kiristoci na horar da samari jifa a bayan coci. Wani direba ya ce min a Kasuwar Daji ta riga ta zama kwari da baka. Masu kawo min facin keke sun ragu. Wanda ya zo ma sai na rasa ko tayarsa ce ta sace ko aiko shi aka yi. Dattijo Bitrus ya ce a rufe ajin, kuma ban yarda da shi ba, tun naɗina yake hararata.

Sirajo ya tare Ishaya a hanya yana tambayarsa su wa da wa ke zuwa ajin. Jiya mai unguwa Sodangi ya aiko in je gobe. Na haɗa kayan yaranmu cikin jaka. In abin ya ɓaci za ki gan su. Ki yi addu'a.

Naki,
Bawa

Maris, 2000.

Maman Ishaya,

Ina gaishe ki, ina gaida Mama. Ki kwantar da hankali, da ƙafata na dawo.

Zauren mai unguwa ya cika har waje. Aka baje majajjawa kan tabarma, aka ce in yi bayani. Sai na ciro kwanon daga rigata na kifa a ka, na yi kurari, na yi kamar an jefe ni, na faɗi tim a gaban dattawa. Can liman ya ce ai wannan Jaluta ne da Annabi Dawuda ya kashe, sai dai bai taɓa jin Jalutan ya rame haka ba. Zaure ya ɗauki dariya. Ban taɓa jin daɗin a yi min dariya kamar ranar ba.

Sirajo kaɗai bai yi ba. Ya miƙe ya ce ba shi ya kai maganar kasuwa ba. Ɗansa Mubashir, abokin Ishaya, na cikin masu kutsowa ta zana, kuma shi ya fi kowa iya jifa. Ya ce ya doke shi, ya rarrashe shi, yaron ya ce wurin Baban Ishaya ya fi daɗi. Zaman dakalin nan wai gadi yake, kada wani ya ga yaron a ce ya miƙa ɗansa ga coci. Ya ce ba ya neman a kore mu, a rufe ƙofa kawai yake roƙo. Ni da na yi ta zarginsa na rasa inda zan sa kwanon.

Mai unguwa ya yanke: majajjawa ta koma gona, aji ya koma cikin ɗaki, a toshe zana, a rufe ƙofa.

Lahadin nan na bi umarni. Ina tura ƙofar na hango Mubashir tsaye a bakin hanya, ya ɗago min hannu. Na rufe. Mun yi darasin Nuhu da shanun laka, yara sun ji daɗi, Ishaya bai taɓa lakar ba. Har yau bai yi min magana ba.

Na kwance jakar, yaran ba za su zo Zuru ba. In Mama ta samu sauƙi ki dawo. Ki zo ki yi wa ɗanki bayani. Na gwada, ban samo abin dariya a ciki ba, kuma kin san ban iya wata hanyar ba.

Ubangiji ya kiyaye mu duka.

Mijinki,
Bawa Na'Allah